Neman taimakon fasaha a intanet: tambayoyin sababbin shiga da amsoshinsu

Tambayoyin nan an tattaro su ne daga abin da ke yawan fitowa a bakin masu fara mu'amala da kwamfuta da babbar waya a nan Zamfara: ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, yaran shagunan kafe, masu POS, malaman makaranta da aka ɗora wa haɗa sakamakon jarrabawa, da matasan da suka shiga shirin horar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2023. Magana ɗaya ce ta ratsa amsoshin duka: wanda zai taimake ka ba ya ganin abin da kake gani, duk abin da ba ka faɗa masa ba bai san da shi ba.

1. Na maƙale, ban ma san ta inda zan fara ba. Me zan fara yi?

Ka karanta abin da na'urar ta rubuta maka. Yawancinmu da zarar ɗan akwati ya faɗo kan allo da Turanci, sai yatsa ya riga ido, mu danna OK ya ɓace, alhali a cikinsa aka faɗi matsalar. Ka ɗauki hotonsa, ko ka kwafe shi a takarda harafi da harafi, har lambobin da ke jikinsa. Sannan ka tambayi kanka: me ya canza tsakanin jiya da take aiki da yau da ta ƙi? Ka sa sabuwar manhaja? Ta sabunta kanta cikin dare? Ta faɗi ƙasa? Ƙanenka ya ara?

Daga nan sai ƙananan abubuwan da ba sa cin ko sisi. Kashe ta ka kunna. Duba ragowar data da *323#. Duba ko ma'ajiyar ta cika. Duba agogo da kwanan wata. Wannan na ƙarshen yana wahalar da masu laftof 'yar gwanjo ƙwarai: idan ɗan batirin da ke riƙe agogo a cikin kwamfutar ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya, burauza kuma ta ƙi buɗe shafuka tana cewa haɗin ba amintacce ba ne. Sai mutum ya wuni yana zargin kamfanin layi, alhali gyaran bai wuce saita kwanan wata ba.

2. Na bincika a Google ban samu komai ba. Yaya ake binciken?

Da wuya sabon shiga ya ci karo da matsalar da wani bai riga shi cin karo da ita ba. Abin da ke ɓoye maka amsar shi ne yadda ka nema. Kada ka ba Google labari. Ka sa ainihin saƙon da na'urar ta rubuta tsakanin alamomin zance, hakan zai sa ya nemo jimlar daidai yadda take, sannan ka ƙara sunan manhajar ko samfurin wayar. Ka cire abin da naka ne kai kaɗai, kamar sunanka ko sunan fayil ɗinka.

Ga misali. Mai koyon Python, wani harshen rubuta manhaja, ya gama sa shi a Windows, ya rubuta umarninsa na farko, sai kwamfuta ta ce masa "'python' is not recognized as an internal or external command". Idan ya nemi "Python ɗina ba ya aiki", zai sha yawo. Idan ya liƙa waccan jimlar, amsoshin farko za su nuna masa cewa ya tsallake ɗan akwatin da ake yi wa alama lokacin sa manhajar, wanda ke ƙara Python a PATH, wato jerin wuraren da Windows ke duba manhaja in an kira sunanta. In kuma shafi ɗaya kake so a bincika maka, ka ƙara site: da adireshinsa a ƙarshe, misali site:stackoverflow.com.

3. Turancina ba shi da ƙarfi. Ba za a yi min dariya ba?

Da yawa daga masu amsa tambayoyin fasaha a duniya su ma koyon Turancin suka yi, daga Indiya, Jamus, Burazil da sauransu. Bayani suke nema, nahawunka bai dame su ba. Ka rubuta gajerun jimloli, kowace da magana ɗaya. Google Translate yana da Hausa tun 2013, yana iya taimaka maka ka juya tambayarka ko ka fahimci amsa, sai dai ka sake karantawa don yakan karkace. Saƙon kuskuren kuwa kada ka fassara shi, ka bar shi yadda ya fito.

Akwai masu koyar da kwamfuta da Hausa a YouTube da Facebook da TikTok, kuma don kafa tushe sun fi komai sauƙi. Amma amsar takamaiman saƙon kuskure har yanzu da Turanci ta fi samuwa, shi ya sa maganar da ke tambaya ta 15 take da muhimmanci a wurina.

4. Ina ya kamata in kai tambayata?

Ya danganta da wanda ke riƙe da mabuɗin matsalar. Idan ta layi ce, kamar an cinye maka kuɗi ko data, kamfanin ne kaɗai zai iya gyarawa: ka kira 300, lambar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita wa duk kamfanonin layi a 2023, ka karɓi lambar ƙorafinka. In ba su yi komai ba, ka kira NCC ɗin a 622 da waccan lambar a hannu. Matsalar asusun banki ta banki ce, a reshe ko ta lambar da ke bayan katinka. Ta rajistar JAMB kuma ta JAMB ce. Babu wani ɗan guruf da ke da ikon shiga na'urorinsu, wanda ya ce yana da shi ka duba tambaya ta 10.

Idan kuwa ta koyo ce, wurare suna da yawa. Stack Overflow, wanda aka kafa a 2008, na masu rubuta manhaja ne. Super User na matsalolin kwamfuta ne gaba ɗaya, Ask Ubuntu na masu amfani da Ubuntu, wani tsarin kwamfuta kishiyar Windows. Manhajojin da ake ginawa a bainar jama'a galibi suna da sashen kai ƙorafi a GitHub. Microsoft da Google suna da dandalin taimako na kayansu. A Reddit akwai sassan da aka ware don masu koyo, irin su r/learnpython, kuma sun fi haƙuri da sabon shiga. Sai kuma na gida: guruf ɗin WhatsApp ko Telegram na 'yan ajinku ko 'yan sana'arku. A ganina nan ya fi dacewa a fara, domin su suka san irin wayoyinmu da netwok ɗinmu da halin wutarmu.

5. Me ya kamata tambayar ta ƙunsa?

Wannan ce zuciyar maganar. Ka ɗauka babur ɗinka ne ya mutu a hanyar Tsafe, ka kira bakanikenka na Gusau. In ka ce masa "ya ƙi tashi" kawai, sai ya jero maka tambayoyi goma kafin ya ce komai. Shi bakanike yana da haƙurin tambayarka saboda ya san ka. Baƙon da ke intanet wucewa zai yi. Don haka ka faɗi abin da kake son yi, da na'urar da kake amfani da ita har samfurinta, da abin da ya faru maimakon abin da ka zata, da abin da ka riga ka gwada. Samfurin waya yana cikin saiti, a sashen bayanin waya. A Windows ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta winver, zai nuna maka wane Windows ne a kan kwamfutar.

Ga irin wadda ake yawan turowa: "Salam 'yan uwa, don Allah laftof ɗina ta ƙi yin intanet, a taimaka da gaggawa."

Ga ta kuma an gyara: "Assalamu alaikum. Ina da HP 250 G4 mai Windows 10, ina son haɗa ta da hotsifot na wayata Redmi Note 10. Wayar ƙanwata tana ganinsa tana kuma haɗuwa, amma laftof ɗin ba ta nuna sunansa ko kaɗan, ko da yake tana ganin na maƙwabta. Jiya ta yi aiki, da daddare na taɓa saitin hotsifot ɗin. Na kashe na kunna duka biyun, babu canji." Wanda ya san aikin, kafin ya kai ƙarshe ya gano inda zai duba: wataƙila an mayar da hotsifot ɗin kan zangon Wi-Fi na 5 GHz, wasu tsofaffin laftof kuwa 2.4 GHz kaɗai suke gani. Ta farkon tana iya cin wuni ana ja-in-ja, ta biyun saƙo ɗaya ya ishe ta.

6. Ba rashin ladabi ba ne in faɗa kan tambaya ba gaisuwa?

A guruf ɗinmu na gida ka yi sallamarka, tarbiyyarmu ce, ba wanda zai hana ka. Amma sallamar da tambayar su zo a saƙo ɗaya. Abin da ke kashe lokaci shi ne a turo "Salam Malam", a yi shiru ana jiran amsa, sai "ya aiki", sai "ina da tambaya". Malamin nan wataƙila minti biyar gare shi tsakanin aiki da sallar la'asar, da ya tarar da tambayar da tuni ya amsa. Haka "akwai wanda ya iya Excel a nan?" Mutane da dama sun san amsar abin da ke damunka, amma ba za su ɗaga hannu su ce su gwanaye ne ba. A Stack Overflow kuwa gaisuwa da godiya ma share su ake yi daga jikin tambaya. Tsarin wurin ne, kada ka ɗauke shi wulaƙanci.

7. Hoto ya fi, ko rubutu, ko saƙon murya?

Gani ya kori ji, amma a ɗauki hoton da kyau. A yawancin wayoyin Android ana danna maɓallin kashewa da na rage murya tare. A Windows 10 da 11, Windows da Shift da S. In dole sai da waya za ka ɗauki allon kwamfuta, ka tsaya daidai, rubutun ya fito, kuma dukkan saƙon ya shiga. Kafin ka tura ka duba gefe da gefe, kada lambar asusu ko hirar iyali ta bi hoton.

Idan kod ne ka rubuta, wato layukan umarnin manhaja, a rubuce za ka liƙa shi, domin mai taimako yana son ya kwafa ya gwada a tasa kwamfutar. Ka rage shi zuwa 'yan layukan da ke haifar da matsalar. Sau da yawa garin ragewar nan mutum yake gano kuskurensa da kansa. Saƙon murya kuwa, ga wanda rubutu ke ba wahala babu laifi, amma ya zama gajere, a haɗa shi da hoto. Na minti huɗu kan kwana ba a buɗe shi ba.

8. Me ya sa in na yi tambaya ake ce min "me kake son yi a ƙarshe?"

Saboda sau da yawa mukan tambayi hanyar da muka zaɓa, mu ɓoye inda za mu. Malamin makaranta a Talata Mafara zai tambayi yadda ake saurin rubuta 1, 2, 3 a gefen sunayen ɗalibai bayan ya jera makinsu da hannu. Da ya ce matsayin kowa a aji yake son fitarwa, da an nuna masa RANK a Excel, wanda ke yin aikin nan take, ya kuma gyara kansa idan maki ya canza. Wani zai tambayi yadda ake yi wa waya fomatin, alhali bidiyoyin guruf ne suka cika ta. Ka faɗi burinka a jimla ɗaya tun farko.

9. Ni mace ce, ina jin nauyin tambaya a guruf mai maza da yawa. In bi mutum ta saƙon sirri?

Ki yi tambayarki a fili, ya fi miki alheri ta kowace fuska. Idan wani ya ba ki amsar da ba daidai ba, wasu za su gyara. Idan wani ya so ya juya taimako zuwa wata hira, idon jama'a zai taka masa birki. Wanda ya ce sai kin turo hotonki ko kin biyo shi gefe kafin ya amsa, ki sanar da shugabannin guruf ɗin. Kuma tambayar da kike ganin ta yi ƙanƙanta, akwai maza a wurin da suke jiran wani ya yi ta su huta.

10. Wane bayani ne ba zan taɓa bayarwa ba?

Lambar sirrin katin ATM, lambobin da ke jikin katin gaba da baya, lambar da banki ke turowa don tabbatar da ciniki, kalmar sirrin imel ko Facebook, da lambobi 6 da WhatsApp ke turowa. Babu gyaran da ke buƙatar su, bankinka ma ba zai tambaye ka lambar sirrinka ba. BVN da NIN kuma ba abin liƙawa a guruf ba ne.

Ka lura da salon 'yan damfara. Kana rubuta kokenka a fili, sai wani asusu mai tambarin kamfani ya biyo ka yana ba da haƙuri, ya turo adireshin da za ka cike, ko ya ce ka sa AnyDesk ko TeamViewer ya gyara maka daga nesa. Manhajojin na halal ne, amma wanda ka ba izini ta cikinsu yana kallon duk abin da ke allonka, yana iya sarrafa na'urar. Wani kuma zai kira ka da Hausa tsantsa, ya ce daga guruf ɗinku yake, za a yi taro, ka karanto masa lambar da aka turo maka. Da ka karanta, WhatsApp ɗinka ya tafi, 'yan uwanka kuma su fara samun saƙon neman rance da sunanka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp tun yau.

11. Me zai hana in tambayi ChatGPT kawai?

Ka tambaye shi, shi da Gemini da Meta AI da ke cikin WhatsApp. Ba sa gajiya, ba sa tsawa, kuma sun iya warware saƙon kuskure zuwa magana mai sauƙi. Amma dokar tambaya ta 5 tana nan, in ka ba su rabin bayani za su cike sauran da zato. Babban aibinsu shi ne suna faɗin kuskure da irin ƙarfin gwiwar da suke faɗin gaskiya, har su ƙirƙiro maɓallin da babu shi a wayarka. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, a Disambar shekarar Stack Overflow ya hana liƙa amsoshinsa saboda wannan dalilin. Ga ɗalibi kuma akwai wata hasarar: in na'ura ce ke rubuta maka aikin gida, ranar da abu ya lalace a gaban mai ba ka aiki ba za ka san inda za ka taɓa ba. Ka ce ta yi maka bayanin kowane layi, ka sake rubutawa da hannunka.

12. Na samu amsoshi masu karo da juna. Wacce zan bi?

Fara duba shekarar da aka rubuta kowace. Amsar da ta yi daidai a da tana iya zama kuskure yau. An daina kula da Python 2 tun 2020, amma tsofaffin darussansa suna nan birjik, wanda ya kwafi print "sannu" ya sa a Python 3 kuskure zai samu. Sannan ka karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin amsar, a nan ake faɗin inda ta gaza. Ka fara da wadda in ba ta yi ba za ka iya komawa yadda kake, kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa kana gwadawa.

Duk shawarar da ta ce ka goge, ka yi fomatin ko filashin, wato sake ɗora wa waya tsarinta, ka ajiye ta a ƙarshe, bayan ka kwashe hotuna da takardu da lambobin mutane. Ka kuma tabbata kana tuna imel ɗin Google da ke kan wayar da kalmar sirrinsa, domin bayan gogewa Android kan nemi tsohon asusun kafin ya buɗe. Mutane da yawa a shago aka buɗe musu imel ɗin ranar da suka sayi waya, ba su taɓa riƙe shi ba.

13. Ba a amsa min ba, ko an amsa da zafi. Sai yaya?

Masu amsawar nan sa-kai ne, ba bashi kake bin su ba. Wasu ma barci suke: Indiya ta riga mu da awa 4 da rabi, gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5 ko 6. Ka ba da kwana ɗaya ko biyu, sannan ka koma kan tambayar ka ƙara abin da ka gwada a tsakani. Kada ka watsa ta a guruf biyar lokaci guda. In an rufe ta an ce an taɓa yin irinta, ka bi inda aka nuna maka, galibi amsar tana can. Mai kaushin baki kuma ka ɗauki abin amfani a maganarsa ka bar masa sauran. In wurin ya zama na cin mutunci, ka canza wuri, kada ka bar koyo.

14. Netwok da wuta ba su da tabbas a garinmu. Akwai dabara?

Mu da muka ga yadda aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar nan a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro mun san intanet ba abin dogaro ba ne kullum, kuma har yau a ƙauyuka da dama sai an nemi tudu. Ka rubuta tambayarka tsaf tun kana gida, da hotunanta, in ka samu sabis turawa kawai za ka yi. Amsar da ta yi maka aiki ka adana ta. Ana iya sauke littafin bayanin Python gaba ɗaya, DevDocs, mai tattara bayanan harsunan rubuta manhaja, yana aiki ba intanet bayan an sauke, Kiwix kuma yana ajiye Wikipedia a waya. Mutum ɗaya ya sauke a Gusau, sauran su karɓa ta Xender.

15. Matsalata ta warware. Akwai sauran abin yi?

Akwai. Ka koma inda ka yi tambayar ka rubuta abin da ya gyara ta dalla-dalla, ka gode wa wanda ya nuna maka. "Alhamdu lillahi ta yi" kaɗai ba ta amfani wanda zai zo bayanka da irin matsalar. In da hali ka rubuta da Hausa a Facebook ko a guruf, ka sa saƙon kuskuren yadda ya fito a sama, domin mai bincike ya same shi. Ƙarancin amsoshi da harshenmu da muka ambata a tambaya ta 3, ta haka zai ragu.

16. Yaushe zan bar intanet in kai wa mai gyara?

Idan batir ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, ka daina caji nan take, kada ka huda shi ko ka danne shi. Haka idan ta faɗa ruwa, ko tana warin ƙuna, ko ta ƙi kunnuwa sam. Bidiyo ba zai ba ka kayan aiki da hannun da ya saba ba. Idan sabuwa ce mai garanti, kada kowa ya buɗe ta kafin ka kai wa masu ita. Tecno da Infinix da itel duk Carlcare ke kula da su.

Kafin ka miƙa ta a kasuwar 'yan waya, ka cire layi da katin ajiya, ka fita daga manhajar banki in wayar tana kunnuwa, ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI ɗinta, wato lambar shaidar wayar. Ka gaya wa mai gyaran abin da ya faru da abin da ka riga ka gwada, har wanda kake jin nauyin faɗa, ku kuma yi ciniki a kan kuɗin aiki da na kaya kafin ya kwance ta.